Yadda ake haɗa rabon Kirsimeti a babban gida, daga kaka har jika

A gidajenmu na Kiristocin Katsina, akwai shekarar da Inna za ta ce ƙafafunta sun gaji, ta miƙa wa babbar ɗiya ko matar babban ɗa hidimar Kirsimeti gaba ɗaya. In bana ke aka ɗora wa, 'yar'uwa, wannan bayanin naki ne. Na daɗe ina riƙe da wannan hidima a gidanmu, kuma abin da nake so ki fara sani shi ne rabon nan na gida ne dukansa. Kowa zai sa hannu ya bayar, har Kaka da ba ta da ko sisi, har yaron da bai shiga firamare ba, kuma kowa zai karɓa. Sayayya da ɗinki da girki duk a kan wannan za ki tsara su.

Abin da za ki tanada

Littafi mai kauri da biro. Kada ki dogara da ƙwaƙwalwa ko saƙon waya, don sunayen da za ki riƙe sun fi yadda kike zato.

Ma'aji guda, wanda gida ya yarda da amanarsa. Bai kamata mai sayayya ta zama ita ce mai riƙe kuɗi ba, ko da uwa ɗaya uba ɗaya kuke.

Kayan abinci: shinkafa, man gyaɗa, manja kaɗan, tumatir, tattasai, attaruhu, albasa, magi, gishiri, kayan ƙamshi, fulawa da sukari da bota na cincin, zoɓo da citta da kanumfari, sai garin tuwo da kuka ko kabewa saboda tsofaffi. Dabba kuma gwargwadon ƙarfi, akuya ko tunkiya ko kaji ko zabi.

Mazubi: kuloli, kwanonin samira masu murfi, tire, farar leda ta ƙulla cincin da zoɓo. Manyan tukwane in babu a gida a yi maganar aro tun da wuri wajen matan zumunta na coci, don a makon kowa nema yake. Itace ko gawayi a saya a jibge tun farkon Disamba.

Kayan sanyi na tsofaffi, da canjin ƙananan kuɗi, 'yan hamsin-hamsin da ɗari-ɗari da ɗari bibbiyu. Amfanin canjin zai zo a gaba.

1. A zauna tun watan Oktoba

Ki roƙi Baba ko babban wa ya kira zaman, ke ki zo da littafi. In 'yan'uwa sun watsu, wasu Kano, wasu Kaduna, wasu Abuja, a yi ta WhatsApp, amma a kira tsofaffi a waya a faɗa masu abin da aka yanke, kada su ji a bakin jikoki. Dalilin zama da wuri shi ne kaka: lokacin ne hatsi yake shigowa, kuma mai albashi yana da wata uku da zai riƙa cirewa kaɗan-kaɗan.

Kada a yanka wa kowa kuɗi daidai wa daida. Gida ɗaya akwai ma'aikacin banki, akwai malamar firamare, akwai wanda ya gama karatu yana zaune. Kowa ya je wajen ma'aji shi kaɗai ya faɗi abin da zai iya, ma'aji ya faɗa wa taro jimla kawai. Gidajen da ake karanto sunaye da abin da kowa ya ba da, na ga yadda ƙanin da bai da hali yake daina zuwa Kirsimeti gida, ya ce aiki ya riƙe shi. Wanda ba shi da kuɗi a rubuta abin da zai kawo: Kawu na ƙauye tiya biyar ta dawa da zabi biyu, Gwaggo daddawa da kuka, samari faskaren itace da ɗiban ruwa da zirga-zirgar markaɗe. Duk gudummawa ce, kuma a faɗe ta a gaban mutane da sunan gudummawa.

In ba a samu zama da wuri ba har Disamba ta kama, kada ki ci bashi don ki cike giɓi. Ki rage ɗinki, ki bar abinci.

2. Rubuta sunaye kafin a sayi ko allura

Ki fara daga sama: kakanni na wajen uba da na wajen uwa, iyaye, baffanni da gwaggwanni da suka manyanta. Sai yaran gida duka, har da ɗan riƙo da yarinyar da take taya aiki. Sai iyayen kowace matar gida. Nan ake yawan samun ɓaraka, a kai wa iyayen uwargida kaya niƙi-niƙi, a manta da na amaryar ƙane, facaloli su kwana da abin a rai har wata shekara. Abin da aka ware wa surukai ya zama iri ɗaya, ko da ɗan kaɗan ne.

Daga nan gwauraye da marayu na dangi da na ikkilisiya. Ki tambayi shugabar zumuntar mata ko dattijon coci a asirce, sun san gidan da ba za a ɗora tukunya ba. Ki sa har da 'yan'uwan da rashin tsaro ya taso daga ƙauyukansu suka raɓe a gari, waɗanda da can su ne masu aiko mana da hatsi. Gidan da aka yi rashi a cikin shekarar ki ja masa layi, don Kirsimetin farko bayan mutuwa yana da nauyi, kuma sau da yawa ba sa iya girki.

Maƙwabta su ne na ƙarshe a rubutu amma su ne masu yawa. Mu a nan Katsina yawancinsu Musulmi ne, masu aiko mana da tuwon sallah da naman layya. Ki bi layinku gida-gida a zuci, ki haɗa da mai shagon bakin layi, mai gadi, mai kawo ruwa a kura, da almajirin da ya saba zuwa ƙofarku.

3. Sayayya da ɗinki

Abin da ba ya lalacewa, shinkafa da mai da fulawa da sukari da zoɓo, a saye shi a Nuwamba. Kayan miya sai ana jibi, a Babbar Kasuwa ko 'Yar Kutungu, da sassafe. A lissafina tiya ɗaya ta shinkafa tana cika matsakaitan kuloli huɗu zuwa biyar, amma tiya ta bambanta daga mai awo zuwa mai awo, saboda haka ki gwada da taki kular a girkin gida kafin ranar. Ki ƙirga gidajen da ke littafi, ki ƙara kason gida biyar a kai, don baƙi ba sa sanarwa.

Dabba ta fi sauƙi a kasuwar ƙauye. Mutanen Daura suna da Mai'aduwa kusa, sai dai ranar Lahadi take ci, don haka a tura wanda zai tafi da an taso sujada. A saya da mako biyu ko uku a ɗaure a gida in akwai wuri da dusa. Mai saye ya duba haƙora da ido da hanci, ya ga dabbar tana cin abinci. In kuɗin akuya bai kai ba, gida biyu ko uku su haɗa su yi watanda, ko a tsaya a kaji.

Ɗinki kuwa, duk abin da bai isa hannun tela ba kafin ƙarshen Nuwamba ki ɗauka ba za a sa shi ranar 25 ba. Disamba watan bukukuwan aure ne, teloli a cike suke. Ki ba da rabin kuɗi, ki ce masa ranar 15 kike so, ki riƙa leƙawa. Turmin atamfa yadi shida ne, falle uku, kuma yana yi wa ƙananan 'yan mata biyu har uku riga. In za a yi anko, a zaɓi mai sauƙin kuɗi da kowa zai iya, a kuma yanka wa Kaka nata a ciki. In ɗinki ya gagara, gwanjo mai kyau da aka wanke aka goge ya wadatar wa yaro. Abin da ba na yarda da shi shi ne ɗan gida ya fito da sabo, ɗan riƙo ya fito da kwance. Ko duka sabo, ko duka gwanjo.

4. Kason tsofaffi

Kirsimeti a tsakiyar hunturu yake zuwa, kuma sanyin Katsina da asuba ba ya yi wa tsoho da daɗi. Bargo mai kauri, rigar sanyi mai maɓalli a gaba wadda ba sai an ɗaga hannu ba, safa, hular sanyi, man shafawa saboda faso da kaushi, fitila mai caji da rana, sabulu, goro ga mai ci. Waɗannan sun fi leshi mai tsada da za a ninke a saka ƙasan akwati a ce sai ranar wata hidima.

Kafin ki saya, ki shiga ɗakin ki zauna ki yi hira, idonki yana aiki. Tsohuwa ba za ta ce maki katifarta ta lotse ba, za ta ce "Lafiya lau, ɗiyata, Allah ya yi maku albarka." Ke za ki ga takalmin da aka ɗaure da waya, da butar da take yoyo, da Littafi Mai Tsarki da take nisantawa da ido tana ƙanƙance fuska kafin ta ga baƙi. In kin ga haka, kai ta a auna idonta a yanka mata tabarau ya fi duk abin da za ki ƙunso daga kasuwa. Wanda yake shan maganin hawan jini ko na sukari, a saya masa na wata guda a haɗa cikin kayan.

In tsohon yana ƙauye kuma kuɗi za a tura, kada a tura ta hannun mai POS a yi shiru. A kira tsohon a faɗa masa adadin da bakinsa zai maimaita, a kuma faɗa masa sunayen jikokin da suka sa hannu.

5. Ki ba tsofaffi abin da su ma za su bayar

Wannan matakin ne aka fi tsallakewa, ni kuwa shi na fi ba muhimmanci. Mutumin da ya shekara arba'in yana ciyar da gida, yau an zaunar da shi a kujera ana ta ajiye masa leda yana godiya, akwai abin da yake ji a ransa da ba zai faɗa ba. Maganar Ubangiji da Bulus ya tuna wa dattawan Afisa a Ayyukan Manzanni 20:35, cewa bayarwa ta fi karɓa albarka, ba ta ware tsofaffi ba.

Ranar 23 ko 24, bayan yara sun yi barci, ki shiga wajen Kaka da canjin nan da kika tanada, da ƙullin cincin da alewa. Ki durƙusa ki ce, "Kaka, ga wannan ki riƙe saboda masu zuwa gaisuwa." Ba sai kin ƙara komai ba, ta gane. Za ta ƙulle kuɗin a bakin zane, ta tura ledar ƙarƙashin filo. Haka za ki yi wa Baba tsoho, a sa masa a aljihun riga. Kada yara su sani, kada kuma wata facala ta yi subul da baka ta ce ai mu muka ba ta. Ranar 25 in jika ya kawo mata bargo ta ce, "Kai, maigidana, ashe ka tuna da ni bana, na ɗauka kishiya ta ƙwace ka," ta kwance bakin zane ta ba shi tukwici, yaron zai tafi da sanin cewa kakarsa ta ba shi goron Kirsimeti da hannunta.

In babu kuɗin canji, akwai abin da yake nata na kanta: gyaɗar da ta soya, aya, kazar da take kiwo, ko tsohon zanen da take so ta ba jikar da ta ci sunanta. Ki tambaye ta me take so ta bayar, ki taya ta shiryawa. Ki kuma bar mata yanke shawara a kan wani abu na girki. Ɗanɗana miya da cewa a ƙara gishiri ko a bari aikinta ne, ko da daga kan tabarma take yi.

6. Yanka da girki

Cincin a yi shi ranar 22 ko 23, a bar shi ya huce sarai kafin a ƙulla, in ba haka ba zai yi laushi. 'Yan mata su murza, yara su yanka da kulawar babba, suya kuwa ta manya ce.

Yanka ranar 24 da safe. Tunda maƙwabta Musulmi za a kai wa, ki kira mahauci Musulmi ko wani maƙwabci ya yanka, a kuma yi a inda za a gani. Ko kaza ce haka. Wannan tsohuwar al'ada ce tsakaninmu, ita ce take sa a ci abincinmu da kwanciyar rai. Tukwane da ludayi su zama masu tsabta waɗanda ba su taɓa haɗuwa da abin da addininsu ya hana ba, kuma in akwai mai shan giya a dangi, a gaya masa ban da cikin gida ranar. Naman a tafasa da albasa da kayan ƙamshi a soya a ranar, kada a dogara da firji, wuta ba ta da tabbas. Romon a ajiye na dafa-duka. Markaɗe ma a kai ranar 24 a tafasa shi ya tsane, don safiyar 25 layin injin ba ya ƙarewa.

Ki san lokacin sujadar cocinku ki tsara wuta a kansa. Masu zuwa St. Martin de Porres, wanda ya zama babban cocin Dayosis ɗin Katolika na Katsina a 2023, suna da sujadar daren 24, kuma ana cika, sai a kai tsofaffi da wuri da rigunan sanyinsu su sami wurin zama. Mu da muke ECWA tamu ta safe ce, shi ya sa nake hura wuta tun kiran assalatu, a sauke shinkafa a zuba a manyan kuloli kafin a tafi. Kada a bar mace ɗaya a bakin murhu ta rasa sujada kowace shekara, a riƙa karɓa-karɓa.

Ki ɗora ƙaramar tukunya daban ta tuwo da miyar kuka ko taushe, da nama da ya dahu luguf ko dambunsa. Yawancin tsofaffinmu shinkafa ba ta riƙe masu ciki, soyayyen nama kuma haƙori ba ya iyawa. Zoɓo a ɗebi na masu ciwon sukari kafin a zuba sukari.

7. Rabo ranar 25

Da an dawo coci, kafin kowa ya ci, a fara da tsofaffi. A tara yara, kowane a ɗora masa abu ɗaya a hannu, ƙarami ya ɗauki safa, babba ya ɗauki bargo. A koya masu tun daren jiya: a cire takalmi, a durƙusa, a miƙa da hannu biyu, a ce "Barka da Kirsimeti, Kaka, ga shi in ji mu duka." In ji mu duka, ba in ji Babana ba. Manya su tsaya daga baya. Wayar ɗaukar hoto a bari sai an gama sa albarka, don tsoho yakan daɗe yana addu'a yana kiran sunan kowa, kuma bai kamata a katse shi ba.

Sai kulolin maƙwabta. Yara bibbiyu, babba da ƙarami, kowace tawaga gida uku ko huɗu, ke kina soke suna a littafi. Su yi sallama, su gaida matan gida, su ce "Mama ta ce a kawo maku abincin Kirsimeti." Abincin ya isa da zafinsa kafin azahar, in kuma ranar ta faɗo Juma'a, kafin maza su tafi masallaci. Ki liƙa wa gindin kowace kula alama da fenti ko ɗan ƙyalle, don ranar kuloli masu kama da juna suna yawo a unguwa. Tukwicin da aka ba yara nasu ne, amma a raba da waɗanda aka bari a gida suna wanke-wanke.

Akwai maƙwabcin da fahimtarsa ta addini ba ta yarda ya ci abincin bikin ba. Kada ki aika masa don ki gwada shi, in kuma an kai an dawo da shi cikin mutunci, kada ki riƙe a zuci, kada ki bari yara su yi ta maganar. Irin wannan gidan nakan bari sai bayan sabuwar shekara in aika da ɗanyar shinkafa ko cincin a matsayin zumuncin maƙwabtaka kawai, kuma ana karɓa.

Gidan gwauruwa da gidan da aka yi rashi, ban da aiken yara su kaɗai. Babba ya je da ƙafarsa, ya zauna, ya ci loma biyu tare da su. In da hali a kai masu ɗanyen kaya tun ranar 23, shinkafa da mai da kaza, don uwar marayu ta girka wa 'ya'yanta da kanta, hayaƙi ya tashi a gidanta kamar na kowa. Kuma ba a ɗaukar hoton wannan.

Da yamma in an natsu, a shimfiɗa tabarmi a tsakar gida. Jikan da ya iya karatu ya karanta Luka 2:1-20 da Hausa, wani ya karanta Matiyu 2:1-12, labarin masanan da suka zo daga gabas da zinariya da lubban da mur. A yi waƙa biyu ko uku daga Littafin Waƙoƙi, waɗanda tsofaffi suka haddace. Sannan a tambaye su yadda suke Kirsimeti a da. Wanda ya tashi a ƙauyukan Malumfashi ko Kafur zai ba da labarin tafiya coci a ƙasa cikin sanyi da tuwon dawa da zabo, wanda ya yi zamani da 'yan mishan na asibitin Babbar Ruga yana da nasa. Cikakken Littafi Mai Tsarki na Hausa ya fito tun 1932, kuma a wasu gidajen har yanzu akwai tsohon bugu da aka rubuta ranakun haihuwar 'ya'ya a bangonsa. In akwai a naku, a fito da shi yara su ga sunan ubansu da rubutun kakansu. Nan ne waya take da amfani: wani ya naɗi muryar.

8. Ranar 26 da abin da ya biyo baya

Ranar 26 ma hutu ce, ita ce ta surukai da ƙauye. Kowane magidanci ya ɗauki matarsa da yara su kai kason iyayenta. Masu tafiya ƙauye su kira mutanen can su ji halin hanya kafin su tashi, su fita da hantsi, su juyo kafin la'asar ta yi sanyi. In an ce hanya ba kyau, a haƙura, a ba direban da aka sani saƙo, a kira a waya a ba kowane jika ya gaida tsoho. Kada a ɗauki yara a bi hanyar da ake shakka saboda kunyar kada a ce ba a zo ba.

Tukwanen aro a wanke a mayar ranar 27 da ɗan cincin a ciki. Ma'aji ya kawo lissafin abin da aka kashe, a faɗa wa duk wanda ya sa hannu, har da masu itace da ruwa.

Kada ki juye buhu duka a tukunyar Kirsimeti. Ki ware tiya biyu ko uku ta shinkafa da kwalbar mai tun ranar sayayya, ki ɗaure ki ajiye a ɗakin Inna. Wajen tsakiyar Janairu, lokacin da kuɗin makaranta ya taso kuma baƙi sun watse, ki sa jikoki su kai wa Kaka rabi, rabin kuma gidan marayun da ke cikin lissafinki.